Tambaya da Amsa: Kogin Nilu ne ya raya Masar, ko aljanu ne suka gina ta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Gashuwa, shekarata 11 ina koyarwa. Kowace shekara nakan karantar da darasin al'ummomin farko da suka tashi a bakin koguna, Masar a bakin Nilu, Iraƙi tsakanin Dijla da Furat, da sauransu. Bana ina cikin darasi sai wani ɗalibi, yaro mai ƙoƙari da ladabi, ya ɗaga hannu ya ce ya ga bidiyo a wayar yayansa inda wani mutum ke rantsuwa cewa zancen kogi duk shirin Turawa ne, dalar Masar aljanu suka gina ta ko Samudawa, har da hoton ƙwarangwal ɗin wani ƙato. Aji duka suka bi bayansa. Wani ma ya ce in na musa to na musa aljanu, alhali suna cikin Alƙur'ani. Na rasa ta cewa, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin ƙarya nake koya wa 'ya'yan mutane? Me kogi ya yi da har za a ce shi ya tayar da waɗannan dauloli?

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, ba ƙarya kake koyarwa ba. Amma akwai giɓi a yadda muke gabatar da darasin, ni da kai duka, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muna ce wa yara kogi ya ba da ruwan sha da ƙasar noma, sai mu tsallaka mu nuna musu hoton dalar dutse da asalin tsawonta ya kai mita 146. Tsakanin ruwan sha da wannan dutse akwai tafiya mai nisa da ba mu bi da su ba. Yaro mai tunani dole ya tambayi abin da ya cike tsakanin, kuma in malami bai faɗa ba, mai bidiyo zai faɗa.

Ba zan maimaita maka abin da ke cikin littafin aji ba. Abin da nake so ka riƙe game da Nilu shi ne lokacin zuwan ruwansa. Damina na sauka a tsaunukan Habasha daga Yuni zuwa Satumba, daidai da tamu. Ruwan ya biyo reshen da ke fitowa daga tafkin Tana, ya haɗu da ɗaya reshen a Khartum, ya ratsa hamadar da ba ta ganin ruwan sama. Kafin a gama madatsar Aswan a 1970, duk shekara kogin kan fara cika a Masar wajen ƙarshen Yuni, ya kai maƙura a Satumba, ya malale gonaki, sannan ya janye a Oktoba da Nuwamba ya bar baƙar laka. Manomi ya watsa alkama da sha'ir a cikin danshin, ya girbe da bazara. Ba taki, ba hutar da gona. Kai da ke Gashuwa ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka san yadda fadama take in ruwa ya ja. Misirawan da kansu Kemet suke kiran ƙasarsu, wato baƙar ƙasa, hamadar kuma ja. Shekararsu ma kashi uku ce bisa halin kogin: lokacin ambaliya, lokacin tsiro, lokacin girbi.

Abu uku ke fitowa daga nan, kuma na farko kaɗai muke koyarwa. Na farko rarar hatsi, abin da ya wuce cin gida ya shiga rumbun sarki, daga rumbun a ciyar da magini da maƙeri da magatakarda waɗanda ba sa riƙe fartanya. Na biyu lokaci: watannin da gonaki ke ƙarƙashin ruwa, manomi ba shi da aikin gona, ana iya kiransa aikin sarki. Na uku, wanda shi ne amsar yaronka, hanya. Nilu na gangarawa arewa, iskar Masar kuma galibi daga arewa take kaɗawa zuwa kudu. Mai zuwa arewa ya saki jirgi ruwa ya ɗauke shi, mai komawa kudu ya ɗaga ƙyallen jirgi iska ta tura shi. Abin ya shiga jininsu har a rubutunsu alamar tafiya kudu jirgi ne da ƙyalle a buɗe, ta tafiya arewa jirgi ne ba ƙyalle. Ƙasa ce siririya mai tsawo, kusan kowane gari na bakin wannan hanya ɗaya, shi ya sa tun wajen shekara 3100 kafin Miladiyya sarki ɗaya ya iya haɗa ta, ya aika mai karɓar haraji ya dawo da hatsi a jirgi.

Sauran kogunan kowanne da halinsa, kuma kuskure ne a koyar da su kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Dijla da Furat ba su da sauƙin hali irin na Nilu. Daga tsaunukan Turkiyya suke tasowa, cikarsu ta narkewar dusar ƙanƙara ce, tana zuwa a Afrilu da Mayu, lokacin da hatsi ya nuna ana shirin girbi. Ruwa na zuwa lokacin da ba a so, ya ƙi zuwa lokacin shuka. Dole mutanen Sumer, a kudancin Iraƙi ta yau, suka haƙa hanyoyin ruwa suka ɗaga jinga, kuma jinga ba aikin mutum ɗaya ba ce, in maƙwabcinka ya yi sakaci gonarka ta tafi. Shi ya sa a dokokin Hammurabi na Babila, wajen 1750 kafin Miladiyya, aka rubuta cewa wanda ya ƙi gyara jingarsa har ruwa ya ci gonar wasu shi zai biya hatsin da ya salwanta. Birane biyu, Lagash da Umma, sun yi zuriya bayan zuriya suna yaƙi a kan fili ɗaya da ruwan da ke shayar da shi. Rubutun farko da aka samu a birnin Uruk, wajen 3200 kafin Miladiyya, mafi yawansa lissafi ne na sha'ir da tumaki da abincin ma'aikata. Wato rubutu a can rumbu ne ya haife shi. Harappa da Mohenjo-daro a kwarin kogin Indus, a Pakistan ta yau, sun bunƙasa tsakanin 2600 da 1900 kafin Miladiyya da tituna miƙaƙƙu da magudanan ruwa na jan bulo, har yau ba a iya karanta rubutunsu ba. A Sin kuma Rawayan Kogi laka yake kwasowa har gadonsa ya fi gonaki tudu, ya fasa jinga ya hallaka jama'a, shi ya sa riƙe kogi ya zama ma'aunin sarauta a can tun farko.

Yanzu ga abin da ya sa na ajiye komai na zauna amsa wasiƙarka. Wannan magana ta aljanu da Samudawa ba a ajinka kaɗai take ba. Ina jin ta a motar haya, ina jin ta a wurin ɗaurin aure, ina jin ta daga bakin ɗaliban jami'a da suka kusa gama digiri a tarihi. Kuma abin da ke ƙona mini rai, masu yaɗa ta sun ɗaure ta da addini, ta yadda yaro zai ji tsoron tambaya. To bari mu fara da nan, tunda nan ɗalibinka ya tsaya.

Babu Musulmin da ke musun aljanu, ni ma ban musa ba. Amma akwai aljanu magana ɗaya ce, aljanu sun gina dalar Giza magana ce daban, kuma ta biyun tana bukatar hujja. Ina hujjar? Wanda Alƙur'ani ya ce an hore masa aljanu suna yi masa gine-gine shi ne Annabi Sulaiman (AS), kuma a lissafin masana tarihi dalar sarki Khufu, wato babbar dalar Giza, ta riga ta haura shekara 1,500 a tsaye kafin zamaninsa. Samudawa kuwa Alƙur'ani ya faɗi abin da suka yi, sassaƙa gidaje a jikin duwatsu, kuma an san wurinsu, Hijr, a arewacin Saudiyya ta yau, ba Masar ba. Sannan ka duba abin da Fir'auna ya yi alfahari da shi a Suratuz Zukhruf, aya ta 51: mulkin Masar, da kogunan da ke gudana a ƙarƙashinsa. Da ya tashi neman gini mai tsawo, a Suratul Ƙasas aya ta 38, Hamana ya umarta ya hura wuta a kan yumɓu. Waziri ya kira, da laka. Ƙissar Annabi Yusuf (AS) kuma gaba ɗaya a kan me take juyawa in ba shekarun wadata da na fari da ajiyar hatsi a zangarniyarsa ba? Ka karanta wa yaranka waɗannan ayoyi. Darasin kogi da rumbu da kake koyarwa bai ci karo da su ba ko kaɗan.

Sai hoton ƙwarangwal. Mafi shahara daga cikin hotunan nan, wanda ake ganin mutum ɗan ƙarami da shebur kusa da ƙaton ƙoƙon kai, an haɗa shi ne da kwamfuta don wata gasar haɗa hotuna ta intanet a 2002, daga nan ya shiga duniya, kowace ƙasa ana liƙa masa sabon suna. Babu gidan tarihi ko ɗaya a duniya da ke ajiye da irin wannan ƙashi. Na taɓa shiga cikin dalar Khufu. Hanyar da ake hawa kafin a kai babban zaure tsayinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. A duƙe na hau, hannu ɗaya a kan ƙarfen riƙo, bayana na gogar dutse, gumi na zuba mini a ido, kuma kwana biyu cinyoyina na ciwo. Wanda ya gina wannan lungu girmansa girmana ne. Ƙaton da suke nunawa ko hannunsa ba zai shiga ba.

Amma ba na so ka tsaya a kan rushe maganarsu. Ka ba yaran abin da ya faru, domin mun san shi, kuma mun san shi da rubutun waɗanda suka yi aikin.

A 2013, a wani wuri da ake kira Wadi al-Jarf a gaɓar Bahar Maliya, tawagar masu bincike ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet ta tono takardu irin na Misirawan da, waɗanda ake yi da ciyawar bakin kogi. Su ne mafi tsufa da aka taɓa samu da rubutu a jikinsu. A cikinsu akwai littafin aiki na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ke da mutum kusan 40 a ƙarƙashinsa, a ƙarshen mulkin Khufu. Kullum yana rubuta abin da suka yi. Yau sun yi lodin farin dutse a mahaƙar Tura, a gabashin kogi. Gobe sun tashi da jirgi. Sun kwana a wani tafki da ake kira da sunan Khufu. Sun sauke a Giza. Sun juya sun koma Tura. Haka watanni, sawu bayan sawu. Har sunan babban mai kula da aikin ya ambata, Ankhhaf, ɗan'uwan sarki. Babu abin mamaki a cikin takardar, irin rajistar da direban babbar mota zai riƙe ce, kuma wannan shi ne darajarta. Ga mutum da sunansa, ga jirginsa, ga dutsen, ga kogin, ga ranar.

Duwatsun dalar kusan miliyan 2.3 ne, mafi yawansu a nan Giza aka sare su, ramukan mahaƙar na nan kusa da ita ana gani. Farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi ne ya tsallako daga Tura. Manyan duwatsu masu tauri da aka rufe ɗakin sarki da su, waɗanda wasunsu sun haura tan 25 nesa ba kusa ba, daga Aswan aka kawo su, tafiyar kilomita 800 da wani abu. Nan ne mai bidiyo ke ɗaga murya ya ce wa zai ɗauki wannan? Ba wanda ya ɗauka a ka. Ruwa ya ɗauka. A lokacin ambaliya kogin na matsowa har kusa da gindin tudun Giza, ana shiga da jirage ta hanyoyin ruwa da aka haƙa. A hanyar da ta nufi dalar sarki Unas a Saƙƙara akwai zanen jirage ɗauke da ginshiƙan dutse daga Aswan. A haikalin sarauniya Hatshepsut, bayan ƙarnuka da dama, akwai zanen wani makeken jirgi ɗauke da dogayen ginshiƙai biyu, ƙananan jirage na jan sa. A 1954 an tono jirgin Khufu kansa a rami a gindin dalar, tsawonsa mita 43, na katakon al'ul daga Lebanon, a wargaje, aka sake haɗa shi. A 2024 kuma wani bincike da hotunan tauraron ɗan'adam da haƙar ƙasa ya nuna tsohon reshen Nilu mai tsawon kilomita 64 da yashi da gonaki suka binne, kuma gine-ginen dala fiye da 30 a jere suke a bakinsa. Yau muna ganinsu a hamada muna mamaki. Lokacin da aka gina su a bakin ruwa suke.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Dalar gyada ta Kano a ina ta tashi? Kusa da layin dogo, inda jirgi zai kwashe ta zuwa Legas. 'Yan dako ne suka jera ta buhu bayan buhu a kafaɗa, kakanninmu sun gani da idonsu. Kaya masu nauyi kusa da hanya suke taruwa, hanyar Misirawa kuwa kogi ce.

Daga bakin ruwa zuwa wurin gini fa? A kabarin wani hakimi mai suna Djehutihotep akwai zanen wani ƙaton mutum-mutumi a ɗaure kan katakon ja, mutum 172 na jan igiya, wani kuma a tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. Wanda ya taɓa tura baro a busasshen yashi, sannan ya tura a mai danshi, ya san dalilin zuba ruwan. Ka ɗora wa ajinka lissafin a allo, su yi da kansu. Dutse miliyan 2.3 a shekara 20, dutse 115,000 ke nan a shekara, kusan 315 a rana. Matsakaicin nauyinsa tan biyu da rabi. Ka ba kowane dutse mutum 20, ka ce yini guda dutse ɗaya tak za su kai. Mutum 6,300 ke nan. Ƙara masu sara da masu jera da masu dafa abinci da masu jirgi, za ka faɗa cikin adadin da masana ke faɗi yanzu, dubu 20 zuwa 30. Taron da filin ƙwallo ɗaya zai ɗauka. Aiki ne mai tsanani, amma aikin mutane ne.

Kuma mun ga inda suka kwana. Kudu da dalar an tono garin ma'aikatan, binciken da Mark Lehner ya shafe shekaru yana jagoranta: gidajen gasa gurasa da tukwanen gashin a jere, rumbuna, ɗakunan kwana, da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da ƙayar kifi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wannan gurasa alkamar lakar Nilu ce. A 1990 aka gano maƙabartarsu a kan tudu. Ƙasusuwan mutane ne masu tsayi irin namu, gadon bayansu ya lalace saboda ɗaukar nauyi, wasu da karaya da aka ɗaure ta warke. A wasu ɗakuna na cikin dalar da ba a yi don kowa ya gani ba, ƙungiyoyin ma'aikata sun rubuta sunayensu da jan fenti, ɗaya na kiran kanta abokan Khufu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce kurakuransu. Ba dare ɗaya aka tashi da dalar Khufu ba. An fara da kaburbura masu shafaffen kai na tubali. Sai aka ɗora ɗaya bisa ɗaya aka samu dala mai hawa shida ta sarki Djoser a Saƙƙara. Sneferu, mahaifin Khufu, ya fara wata a Dahshur da tsayuwa mai tsananin miƙewa, ana tsakiyar aiki aka ga ba za ta ɗauka ba, aka karya kusurwar daga kusan digiri 54 zuwa 43, tana nan har yau a tanƙware. Sai ya gina wata kusa da ita da kusurwar da ta yi daidai. Ɗansa ya gaji magina da suka riga suka yi kuskure suka gyara. A Aswan na tsaya a kan wani ginshiƙi na zamanin baya, tsawonsa mita 42, kwance a cikin dutsen da ake sare shi, ya tsage kafin a gama aka bar shi. A gefensa ana ganin sawun dunƙulen duwatsun da aka daddaka shi da su, rami-rami kamar an kwashi tuwo da mara. Na sa tafin hannuna a ɗaya, ya zauna daidai. Watanni nawa na gumin mutane suka tafi ranar da ya tsage?

Za ka ce, Malam, to in yaro ya yarda aljanu ne, wa ya cuta? Ya cuta ta hanya biyu, kuma ta biyun tana kisa.

Ta farko, ana ƙwace wa yaro imani da abin da taron mutane ke iya yi. In duk babban aiki na aljani ne, to shi da 'yan garinsu ba abin da za su iya. Kuma ka sani wannan tsohuwar cuta ce da aka canza mata riga. Turawan mulkin mallaka da suka ga ginin dutse na Zimbabwe cewa suka yi baƙar fata ba zai iya ba, sai dai baƙi daga wata nahiya. Yau wasu a Turai da Amurka na cewa halittun wata duniya ne suka gina dala. Mu kuma mun ɗauka mun sa wa abin rawani mun ce aljanu. Duk hanya ɗaya suke bi, a cire hannun mutanen Afirka daga aikinsu. Mai bidiyon na cewa yana tona asirin Turawa, alhali aikinsu yake ƙarasa musu. Me zai ce da Kerma a Sudan, birnin da ya tashi a bakin Nilu tun wajen 2500 kafin Miladiyya, da ƙaton gininsa na tubalin laka da ke tsaye har yau? Me zai ce da Jenne-jeno a Mali, inda mutane suka zauna a fadamar kogin Neja tun wajen 250 kafin Miladiyya suna noma shinkafar Afirka suna ƙira? Ganuwar Kano fa, ita ma aljanu ne?

Ta biyu, wanda ya yarda aljanu ne suka gina kufai, taki ɗaya ya rage masa ya yarda suna gadin dukiya a ƙarƙashinsa. Nan kasuwar 'yan damfara take. A Masar kanta jaridu ba sa rabo da labarin mutanen da suka haƙa rami a tsakar gidansu suna neman dukiyar Fir'auna, bayan sun biya wani ya kori mai gadin, ƙasa ta rufta da su. Zancen jan makuri da ake cewa ana samu a gawarwakin Fir'aunoni a juya aljanu da shi daga wannan tushen yake, kuma babu shi, ba a taɓa samunsa ba. A nan gida, shekarun baya an kai ni wani kufai a bakin wani rafi, ba zan faɗi garin ba. Mun tarar da rami ya fi tsayin mutum biyu, an haƙa da dare. A bakinsa ga guntun kyandir, ga busasshen jinin akuya, ga gutsattsarin tukwane an tattake, ga gawayi da ƙonannen hatsi an watsar da shebur. Mutumin da ya sa aka haƙa ya sayar da shanun nomansa biyu ya ba wani boka. Bai samu ko ƙwandala ba. Na tsuguna na ɗebi ƙonannen hatsin a tafin hannuna, raina ya ɓaci, domin dukiyar wurin ita ce wannan. Da an same shi a inda yake kwance, da gawayin ya faɗa mana shekarun garin, da ƙwayar ta faɗa mana abin da suke nomawa da ko rafin na da ruwa a lokacin. Ƙasar kufai hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama, in aka cakuɗa ta an gama, ba mai mayar da ita. Haka aka yi wa mutum-mutumin Nok a shekarun 1990, aka haƙe aka yi waje da su. Na rubuta rahoto na kai inda ya kamata, aka ce in dawo da kwafi uku, na kawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Da na koma bayan damina ramuka sun zama huɗu.

Saboda haka kada ka ji kunyar komawa ajin, kuma kada ka muzanta yaron. Ka kira shi gaban 'yan'uwansa ka ce tambayarsa ta yi kyau har ka kai ta gaba. Ka karanta musu ayoyin, ka ba su lissafin, ka ba su labarin Merer da jirginsa. Sannan ka gaya musu abin da ke jiharsu. A 1987 wani Bafulatani makiyayi na haƙa rijiya a Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune, kusa da Komadugu Gana, sai ya ci karo da katako a zurfin kusan mita biyar. Kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙe shi daga ice guda. Da aka auna shekarunsa sai aka samu kusan 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka, ya girmi dalar Khufu da fiye da shekara 3,000. Daga baya an fito da shi aka kai Damaturu. Da mutumin nan ya kira boka maimakon ya kai rahoto, da an faskare shi ana neman zinariya a ciki.

In ruwa ya ja bana, ka nemi izinin shugaban makaranta ka fita da su bakin kogi, ko na awa biyu ne. Kowa ya sa hannu a lakar da ambaliya ta bari, sannan ya ɗebi yashin tudu ya gwada. Ku sami mai kwalekwale, yaron nan da kansa ya tambaye shi buhu nawa jirginsa ke ɗauka a sawu ɗaya, sannan ya tambayi mai jaki. Ku nemi wani dattijo manomi ya ba su labarin yadda fadamar take kafin a gina madatsar Tiga a shekarun 1970, da abin da ya canza bayanta. Ka rubuto mini abin da yaron ya ce bayan kun dawo.